Baƙin da Inno Ta Shigar

Inno na tsince shinkafa aka yi sallama a zaure. Ta leƙa, ta ga mutum biyu, dogo da gajere, cikin fararen kaftani, ga baƙar fijo a bakin lungu, ba a ko kashe ta ba. Ranta ya yi sanyi. Ta daɗe tana roƙon ƙanenta Gidaɗo ya turo malamai su duba mata ɗanta Lawali.

Tun da Lawali ya kawo kwamfuta gidan nan na unguwar Gawon Nama bai kashe ta ba, sai dai in wuta ta ɗauke. Wai masana a Amurka ke sauraron sararin samaniya ko akwai wasu halittu, shi kuma ya ba da aron injinsa kyauta yana taya su tace abin da suka jiyo. 'Yan majalisarsa sun yi dariya har sun gaji. Inno kam ba ta ga abin dariya ba, don ta san sunan halittun da ake ji ba a gani. Lawali ya hana ta zancen a waje, ya ce mulkin soja ake, an ɗauke mutane kan abin da bai kai wannan ba. To, amma wa ke ɓoye wa malami ciwo?

"Ku shigo, Malam," in ji ta. "Shina masallaci, gara ku gani da idonku kahin shi dawo."

Ta kawo musu ruwan randa, ba wanda ya taɓa. Ta buɗe ɗakin Lawali. Layuka ja da shuɗi na hawa da sauka a fuskar injin, shi kaɗai yana ta gurnani.

"Da su wa yake magana, Hajiya?" dogon ya tambaya.

"Waɗanda ba a gani! Su aiko mishi ta wayar tarho, shi aika musu. Ya ce ranad da sunka amsa, duniya duk sai ta juya."

Gajeren ya durƙusa yana bin wayar da yatsa har bango. Inno ta jira ta ji bisimilla, ba ta ji ba. Sai a lokacin ta lura ba mai tazbaha a cikinsu, kuma sun taka mata tabarma da takalmi.

Lawali ya yi sallama ya shigo. Yana ganinsu ya tsaya cak, ya dubi uwarsa. Dogon ya riƙe masa hannu a hankali, gajeren ya cire wayoyin ya rungumi injin.

Inno ta bi su har zaure, mayafinta na jan ƙasa.

"Malam, don Allah, ba Gidaɗo na ya turo ku ba?"

Dogon ya tsaya, ya juyo, ya yi mata murmushi.

"Wane ne Gidaɗo, Hajiya? Ina gidansa?"