Kifin da Safiyatu Ta Gyara

Wata biyu ke nan da Dokta Munawwara, mai binciken kifi daga jami'a, ta zo rafin Sara ta yanki ɗan fiffiken wani kifi da Malam Barau ya kamo. Shi Barau ya san kifin tun yana yaro. Kama yake da karfasa, ba daɗi, ƙaya kuma kamar allura, masunta jefa shi suke yi wa mage. Sai ga waya daga Dokta: gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna kifin ba ya cikin littafin kowa a duniya. Saura a samu guda cikakke a ƙirga ɓawon da ke jere a gefensa. In lissafin ya bambanta da na karfasa, za a sa masa sunan Barau.

Kwana tara yana jefa birgi, ragarsa ta kamun kifi, a rafin da ya kusa ƙafewa kafin ya sami ɗaya. Ya sa shi a randa, ya hana kowa ɗiban ruwa.

Ranar da Dokta ta iso, ya shimfiɗa mata tabarma a zaure, ya leƙa ciki ya ce wa matarsa Safiyatu ta kawo wa baƙuwa kifinta. Aka daɗe ana gaisuwa. Can sai ga Safiyatu da faranti a rufe. Ta durƙusa ta buɗe. Kifi ya sha kankara fes, an cire fiffike, an fasa ciki, an wanke da lemun tsami.

Dokta ta matso ta leƙa farantin.

"Ina ɓawon, Inna?"

"Ɓawo kuma? Hajiya, a gidan nan ba a miƙa wa babban mutum kifi da ƙazantarsa. Yana can bakin rariya, in kaji sun rage."

"Na ce ki kawo, ban ce ki gyara ba," in ji Barau.

"Shekara talatin ina gyara maka, yau ce ka ga laifi?"

Dokta ta ciro takarda da biro. "Malam Barau, ko ka ƙirga kafin nan? Karfasa ba ta wuce talatin da 'yan kai. In ka tabbatar min da adadi, zan rubuta cewa kai ka shaida, mu fara da shi."

Barau ya dubi biron. Arba'in kawai zai ce. Ba mai ƙaryata shi, kaji ba sa magana, kifin ma ba ruwansa da sunan da za a kira shi a Turai. Ya nemi wanda ƙaryar za ta cuta, ya rasa. Duk da haka bakinsa ya ƙi.

"Ban ƙirga ba. Kwana uku ina kallonsa, bai zo min ba."

Dokta ta mayar da biron jaka, ta ce sai damina in Allah ya kai mu. Safiyatu ta ɗauki farantin, ta tambaya ko a soya mata shi ta tafi da shi, tunda dai an riga an gyara.