Kek Ɗin Sunan Nuriyya

Ana gobe suna Lawwali ya tara matan gidan a tsakar gida ya faɗi hukuncinsa. Liman zai raɗa wa jaririyarsa suna da safe, a yanka rago a bayan ɗaki, shi ke nan. Ba taro, ba guɗa, ba rabon abinci. Tun da suka baro Gatawa suka dawo Sabon Birni haka ake yi. Kowa na tsoron kada wani mai kai rahoto ya ga hidima ya gaya wa mutanen daji cewa gidan nan akwai abin hannu.

Radiyya, yayarsa, ta tashi ta shige ɗakinta. Gari na wayewa ta jawo jakarta daga ƙarƙashin gado. A Maraɗi ta koyi yin kek lokacin da take aure a can, kuma tun cikin Hadiyya, matar Lawwali, yana wata bakwai ta sa wani ɗan kasuwa ya sayo mata garin cakulan da garin kirim, ta ɓoye su a jakar.

Ta zuba yashi a babbar tukunya ta ɗora kan garwashi. Ta murza bota da sukari har suka yi fari, ta fasa ƙwai, ta tankaɗe fulawa da cakulan, ta kwaɓa. Kwaɓin ya yi baƙi, yana sheƙi. Ta juye a kwanon silba, ta zaunar kan yashin, ta rufe, ta ɗora garwashi bisa murfin.

Ƙamshin ne ya fito da Lawwali daga zaure.

"Yaya, mi kike yi haka? Har bakin titi ana jin abin ga!"

"Kek nika yi wa ɗiyata."

"Ba mun gama magana jiya ba?"

"Kai ka gama. Sun amshe gona, sun amshe shanu, mun bar masu gari. Yanzu ƙamshin tukunyata ma sai na nemi izninsu? Wallahi za ni yi shi, kuma za ni raba."

Ya juya wajen mahaifiyarsu. "Inno, ki yi mata magana."

Tsohuwar ta matso kusa da wutar. Sannan ta miƙa hannu ta ɗauki mafici ta shiga fifita garwashin. Lawwali ya koma zaure, ransa a ɓace.

Kek ya gasu, tsinken da ta soka a ciki ya fito fes. Kirim ne ya ba Radiyya wuya. Na farko ya narke don zafin rana, ya koma kamar kunu. Ta yafa mayafi ta tafi shagon mai firjin sola ta sayo ƙanƙara, ta zaunar da kwano a cikinta, ta sake kama maburgi. Ta buga har kafaɗarta ta yi tsami, kirim ya tashi ya tsaya. Ta raba kek biyu, ta shafa a tsakiya, ta lulluɓe samansa.

Ita da kanta ta ɗauki farantin yankakken kek ta bi gidajen layin. A kowace ƙofa takan ɗaga murya: "An samu Nuriyya gidan Lawwali, ga na suna!"

Kafin la'asar mata sun fara shigowa, wata da sabulu, wata da ɗan zane, wata hannu sake. Hadiyya, wadda ta wuni a ɗaki shiru, ta fito da jaririyar ta zauna cikinsu. Wata maƙwabciya ta kasa daurewa ta rangaɗa guɗa, sai ta toshe bakinta ta waiga ƙofa. Sauran matan ma suka waiga. Radiyya ta cika ƙirjinta da iska ta rangaɗa tata, doguwa, har jaririyar ta farka da kuka.

Ita ma gabanta na faɗuwa, kuma ta san zai daɗe yana faɗuwa duk lokacin da ta ji ƙarar babur a layin. Ta goge hannu, ta karɓi Nuriyya ta saɓa a kafaɗa, ta ce a matso wa masu shigowa da tabarma.