Gidaje Ɗari Biyar a Filin Idi

"Kashe majigin nan, Sharfuddeen!" Ciyaman ya daka tsawa.

Sharfuddeen ya lalubi majigin, ya kasa gano maɓallin. Taswirar na nan ɓaro-ɓaro a bangon ɗakin taron wani otal a unguwar Al Buteen da ke Dubai. Shi mai tsara birane ne a wani kamfani a Dubai, ƙaramar hukumar garinsu ce ta ba shi aikin nemo filin gidaje ɗari biyar. Daga ofis ya duba hoton tauraron ɗan'adam, ya ga fili fetal a gabas da gari, ya yanka shi fuloti-fuloti. Yau Ciyaman da kansiloli suka zo gani.

Kansila Mika'ilu, abokinsa tun firamare, ya nuna bangon yana ƙyaƙyata dariya. "Habibi, filin Idi fa ka rabar! Inda liman ke tsayawa ka ja kwata. A kan rufin kwano za mu yi sallah?"

Sharfuddeen ya sunkuyar da kai. A filin nan mahaifinsa ke shimfiɗa masa darduma yana yaro. Rabonsa da yin sallah a gida har ya manta.

"Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, zan sake wani," ya ce ƙasa-ƙasa.

Kafin Ciyaman ya amsa aka turo ƙofa. Wani Balarabe ya shigo da murmushi, riƙe da irin taswirar.

"Ni ne ɗan kwangilar da kuka ba aikin gina gidajen," ya ce da Turanci. "Motocin haƙa na cikin jirgin ruwa tuni. Yalla, a hanzarta, yaushe za a ba ni filin?"