Ɗumin Ƙarƙashin Kujera

"Ta sake ɗaukewa," in ji Auta, tun kafin ta kashe motar. "Ko rabin hanya ba mu yi ba. Kai wai wane irin aiki ka yi mana ne?"

Mai Waya, mai gyaran wutar mota, ya ajiye filaya, ya goge hannu a jikin wando. Katanga ɗaya ta raba gidansu da na Tsohon Direba, mahaifin Auta, Mai Wayan ne kuma ya ɗaura wa tsohuwar motar sababbin sifiku da amfilifaya, ƙarfen da ke ƙara sauti, a ƙarƙashin kujerar gaba. Kunnen tsohon ya yi nauyi, ga ciwon ƙoda da ke kai shi asibiti wankin jini. Abin da yake so bai taka kara ya karya ba. Wata doguwar waƙa ce ta zamanin tuƙinsa, yana so ya ji ta har ƙarshe a hanya. Amma kullum sai ƙarfen ya yi zafi ya ɗauke a tsakiya.

Babu abin da Mai Waya bai gwada ba. Ya canza wayar batir da mai kauri. Ya kankare fenti ya sake ɗaure wayar jikin mota. Ya rage ƙara, ya raba wa sifikun nauyi. A gabansa abin sai ya wuni yana kiɗa lafiya ƙalau. Da sun hau titi, sai zafi. Ya gaji, har ya fara jin kunyar fitowa in ya ji ƙugin motar.

Ranar, Auta ta shiga gida ɗauko sandar tsohon, Mai Waya kuwa ya buɗe ƙofar baya, inda tsohon ke zaune, ya durƙusa. Ya zura hannu ƙarƙashin kujera, sai ya taɓo bargo. Ya ɗaga. Ga ƙafafu biyu, kumburarru, a kwance a kan amfilifayar, an lulluɓe su tare ruf.

"Baba, ƙafarka ce a kai?"

"Rufa min asiri, ɗana. In ta ji, faɗa za ta yi." Tsohon ya yi murmushin wanda aka kama. "Tunda suka fara wanke min jinin nan, ƙafafun nan ba nawa ba ne. Kamar daga firij na aro su."

"Ai ƙarfen nan shi ma iska yake so. In aka toshe shi, sai ya kashe kansa don kar ya ƙone."

"Ashe ya fi ni wayo."

"Ko waƙa ko ɗumi, Baba. Ɗaya za ka ɗauka."

"Duka nake so. Ni yanzu me ya rage min?"

Auta ta fito. "To, injiniya, ka gano?"

"Laifina ne," ya ce. "Ki bar min ita."

Ta ja tsaki, ta kama hannun mahaifinta suka shige.

Aikin ya ci masa kwanaki, don sai ya sallami masu jira kafin ya taɓa shi. Ya ɗaga amfilifayar a kan ƴan robobi. Ya yanko falankin alminiyam ya huhhuda shi, ya kafa a samanta inda ƙafa za ta sauka ba tare da ta toshe komai ba. Ya ciro ƙaramar fanka daga wata matacciyar kwamfuta, ya juya bakinta baya, yadda za ta kwashi zafin ta hura wa mai zama. Ya yanke a yatsa, ya naɗe da salatif, ya ci gaba.

Da safen da za su koma asibiti, shi ya ɗora ƙafafun tsohon a kan falankin da hannunsa. Ba su da nauyi yadda ya zata. Tsohon ya kashe masa ido.

Sai da yamma motar ta dawo. Tun daga kwanar layi yake jin waƙar. Auta kaɗai ce a ciki. Ta tsaya a ƙofar shagonsa, ba ta kashe ba, hannunta na kan sitiyari.

"Ba ta ɗauke ba," ta ce. "Har ƙofar asibiti. Da ta ƙare ya ce in mayar masa farko. Suna cikin yi masa wankin ne ya tafi. Kafin nan ya ce in gaya maka ƙafarsa ta yi ɗumi. Ni ban gane ba."

"Allah ya jiƙan Baba," in ji Mai Waya, a hankali.

Ta kifa kai a kan sitiyari. Shi kuwa ya zagaya ya buɗe ƙofar baya, ya durƙusa yadda ya saba. Bargon na ninke a kan kujera. Ya taɓa ƙarfen da bayan hannu, ɗumi kawai, ba zafi. Fankar na ta juyawa, tana hura iska a kan silifas ɗin tsohon da aka bari a ƙasa, ɗaya a kife.