Kwalbar da ke Firizar Gwaggo Habi

Wata takwas Jelani ya yi yana jiran kwalbar, da ta iso kuma ba ta kai ɗan yatsa ba. Ruwan da ke ciki bai cika rabin cokalin shayi ba. Sunansa antibodi, ruwan gwaji ne, ba magani ba. Aikinsa ya manne wa wani sinadari, furotin, da ke tallafe da jijiya kamar yadda azara ke tallafe da rufin ɗaki, ya haska shi a na'ura, a ga inda azarar ta karye. Jelani na son ganin azarar jijiyar mahaifinsa, Malam Maccido, manomin albasa a Taloka, wanda hannuwansa suka kama rawa har ba ya iya buɗe wa fadamarsa ruwan dam.

Ruwan ba ya jure zafi. Ɗakin binciken da Jelani ke aiki a Sakkwato kuwa ya kwana tara babu wuta, abin da shugabanni suka kira ɗan tsaiko. Firiza guda da Jelani ya yarda da ita a duk gabashin jihar ita ce ta Gwaggo Habi, ƙanwar mahaifinsa, mai sayar da ƙanƙara a Goronyo da wutar sola. Nan mai digiri biyu ya kai ajiyarsa, tsakanin zoɓo da kunun aya.

"Gwaggo, kada kowa ya taɓa. Saboda ciwon Baba aka kawo shi."

Ran Juma'a wuta ta dawo, ya zo ɗauka. Gwaggo Habi ta tarbe shi da fara'a.

"Ai na hutasshe ka, ɗan nan. Kai ka aje magani kana jiran wuta, yayana na wahala? Na kai mishi Taloka, mun zuba cikin rubutu, ya sha da bisimilla."

"Duka?"

"Duka mi? Abin da ko kaza ba ta ƙoshi da shi!"

Ya tarar da mahaifinsa a zaure, moɗar ruwan sha a hannu, rabin ruwan ya zube a kan riga.

"Allah shi yi maka albarka, Jelani. Kamar na ji sauƙi. Yaushe na biyu ka zuwa?"

Jelani ya buɗe baki zai yi bayanin azara, ya fasa.

"Wata takwas, Baba."

Tsohon ya dubi hannuwansa, ya daɗe yana dubansu. Jelani ya karɓi moɗar ya riƙe masa a baki.