Keken Ragwaye

Wata huɗu keken ya yi a falonmu ba wanda ya hau shi. Da farko Maigida ya ce a jingine shi a bayan kujera, daga baya na fara shanya tawul a kansa, domin ni ba na son ganin abu a zaune ba ya aikin komai, ko mutum ne ko ƙarfe.

'Yarmu ta fari ce ta aiko masa da shi bayan an yi masa aiki a gwiwa. Keken hawan dutse ne mai kaurin taya, da ɗan inji a ɓoye wajen feda, batirin kuma a cikin ƙarfen jikinsa, in ba an faɗa maka ba, ba za ka sani ba. Ba ya tafiya da kansa kamar babur, sai ka taka shi kuma ya ƙara maka ƙarfi. Nauyinsa bai kai na jarkar ruwa ba. Likita da bakinsa ya ce irin motsin da gwiwar take so ke nan. Maigida ya zagaya keken sau biyu da sandarsa, ya latsa taya, ya ce, "Keken ragwaye ne." Bai sake kallonsa ba.

Sai kun san mutumin za ku gane. Shekara talatin ya yi yana aikin awon filaye, tef a aljihu, fensir a bayan kunne, har abokansa suke kiransa Mai Awo. In ka ce masa daga gida zuwa kasuwa kilomita biyu ne, zai ce ɗaya da mita ɗari takwas ne, kuma abinci ba zai yi masa daɗi ba sai ka yarda. Kowace Asabar da safe yakan ɗauki tsohon kekensa ya hau dutsen da ke bayan unguwarmu, ya dawo sharkaf da gumi ya ba ni labari iri ɗaya: wai a can ƙoli akwai wani shimfiɗaɗɗen fa, wato falalen dutse, in ka tsaya a kansa kana hango barandarmu, har da igiyar shanya. Na ji labarin nan har na haddace shi, ban taɓa zuwa ba.

Bayan aikin gwiwar sai ya tare a kujera. Talabijin a kunne, shi ba kallo yake ba. Wata rana maƙwabciyarmu ta shigo tana tambayar tsawon falon don za ta sayi leda irin tamu, na ce mata mita biyar. Huɗu da rabi ne, na sani, ya sani. Yana zaune yana ji, bai gyara mini ba. Ranar na tsorata ƙwarai. Gwiwa tana warkewa, ni ma'aikaciyar jinya ce, na ga ɗaruruwa. Mutumin ne nake gani yana ƙarewa a kujerar nan.

Asabar ɗin da ta biyo na cire tawul daga kan keken na ce, "Malam, yau dai ka gwada, ko zuwa bakin titi ne."

"In yana burge ki, ki hau mana."

Gatse ya yi mini. Ni kuwa tun ina yarinya ba a yi mini gatse in bari. Na sa dogon wando a ƙarƙashin riga, na kifa hular kwano mai ruwan ɗorawa da ta zo da keken a kan ɗankwalina, na ɗaga keken da hannu ɗaya na sauko da shi bene hawa biyu. Rabona da keke tun na yayana, amma ƙafa ba ta mantuwa. Mai faci na bakin layi ya sauke mini sirdi, ya nuna mini maɓallin: kore taimako kaɗan, shuɗi matsakaici, ja kuwa, in ji shi, "Mama, kamar 'ya'yanki uku ne suke tura ki ta baya."

Ni ba ni da girman kan da zan kare, ja na danna. Hanyar dutsen ta duwatsu ce da zaizayar ruwa, amma keken nan ya riƙa hawa da ni yana ɗan gurnani kamar kyanwa. Na wuce wasu samari biyu suna tura nasu suna haki, na yi musu sannu da aiki. Wajen babban tankin ruwa hanya ta rabu biyu, na bi ta dama don ta fi faɗi. Can na tarar da wani fa, na tsaya na duba. Ga filin ƙwallo, ga bayan wani kanti, ga tashar mota. Baranda kuwa ko alama.

Na dawo ina fushi da gaske. "Na je ƙolin naka. Babu baranda, babu igiya. Ashe shekara da shekaru tatsuniya kake ba ni."

Ya juyo a hankali. "Wajen tanki ina kika bi?"

"Dama."

"Dama," ya maimaita, kamar na ce na zuba gishiri a shayi. Ya gyara zama. "Baiwar Allah, wannan ai kafaɗar dutsen ce. Tsakaninta da ƙoli akwai mita ɗari da arba'in. Ba ni takarda."

A bayan takardar maganinsa ya zana mini taswira. Ga tanki, ga wata bishiya da ta karkace, ga inda zan sauka in tura keken taku ashirin don hanyar ta yi santsi. Da ya gama, sai ya maƙale fensirin a bayan kunne ba tare da ya lura ba. Ni na lura, na shige kicin don kada ya ga fuskata.

Asabar ta gaba na bi taswirar. Hagu, bishiya, taku ashirin daidai, ko ɗaya bai ƙaru ba. Na hau fan na duba. Ga benenmu can ƙasa, ga baranda, ga igiya. Ga kuma wani ɗan mutum a tsaye cikin farar riga ya dafa ƙarfen barandar. Mutumin da ya yi wata huɗu ban ga ya leƙa waje ba. Na tsaya ina kallonsa, hawaye suka zo, na bar su suka zubo tunda ba mai ganina.

A hanyar saukowa na yi lissafina. In na ce masa na gani, zai gyaɗa kai ya ce da ma na faɗa miki, ya koma kujera da nasararsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

"Yaya?" ya ce, tun ban ajiye keken ba.

"Na bi zanenka sawu da ƙafa. Gine-gine dai ga su nan birjik, amma ban ga namu ba. Wataƙila da can ana gani. Ka san ido ma yana tsufa, Malam, balle tunani."

Ya daɗe yana kallona. Sai da yamma na ji yana tambaya daga falo, "Abin cajin nan ina kika ajiye shi?"

Washegari da safe na same shi a bakin ƙofa, hular kwano a kai, tef a aljihu. Ya auna tsayin sirdin ya ɗaga shi santimita shida yana mita wai an lalata masa keke. Wai kekensa, ku ji fa. Na so in sauke masa shi ƙasa, ya ce in bari, ya ɗauka da kansa, matakala ɗaya bayan ɗaya. Sandar tana jingine a bango ya manta da ita, ni kuma ban tuna masa ba.

"Ki shanya jan zanin gadon nan a igiya," ya ce. "Kuma kore kawai zan sa, shi ma don likita."

Na shanya zanin na zauna a baranda, waya a cinya. Minti arba'in, hamsin. Na fara zagin kaina a zuci: ke da kike jinyar mutane, kin tura mai sabuwar gwiwa kan dutse da ƙarya. Na tashi na zauna ya fi sau biyar. Sai wayar ta yi ƙara.

Numfashinsa na fara ji, sannan dariya, irin wadda na yi kewa.

"Maman yara, zanin nan a karkace kika shanya shi. Gefen hagu ya fi sauka."

Na duba. Wallahi ya fi sauka. Na miƙe na gyara.

"Yauwa," ya ce. "Yanzu ya yi."

Da ya dawo, fitilun batirin guda biyar saura ɗaya. Kore ba ya shan batir haka, ni da na hau sau biyu na sani. Na jona masa caji. Ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafa, na kawo masa ruwa, ya shanye kofi biyu yana tsara mana jadawali: Asabar tasa, Lahadi tawa, kuma kowa ya mayar da sirdi yadda ya same shi.

Ina karɓar kofin ya riƙe hannuna.

"Hular nan mai ruwan ɗorawa ana hango ta daga baranda," ya ce. "Jiya na gan ki a kan fan. Kin juyo nan sosai, minti goma sha ɗaya kika yi a tsaye."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata.

"Minti goma ne," na ce.

"Sha ɗaya," in ji Mai Awo. "Na duba agogo."