Yaƙushin Sakinatu

Maganar ta iso garinmu Mai Wurno a bakin masu tsinkar auduga, a shekarun da ake gina madatsar ruwa ta Rusairis. Wai a Hillar Gado akwai wata budurwa, makauniya kuma kurma, da aljani ya shige ta. Duk wanda ya matso sai ta cafke hannunsa ta yaƙushe shi. Wai baffanta ya yanke shawara, da zarar an gama tsinka zai ƙetare kogi da ita wurin wani faki, malamin tsibbu, mai sa wa masu taɓin hankali mari a ƙafa, yana korar iska da bulala.

Ni na yi karatu a gaban mahaifina har fikihu, na kuma koyar da 'yan mata a Sinnar har gwiwoyina suka ƙi tsayuwa. An sha nuna mini masu aljanu. Wata farfaɗiya ce, wata yunwa, wata kuwa aikin gona ne kawai ba ta so. Ban ce babu aljanu ba. Na ce dai ana ɗora musu kayan da ba nasu ba. Na yafa tobina, babban mayafin matan ƙasar nan, na hau lori.

Na isa da rana, ƙauyen kamar an share shi, kowa na hawasha, wato gona, cikin auduga. Uwar yarinyar kaɗai na samu, Mairama, wadda takaba ta daɗe da wuce ta amma ramar ba ta sake ta ba.

"Hajja Barakatu, ke da kanki? Ai da kin aiko."

"In na aiko labari za a kawo mini, ɗiyata. Labari kuwa na ƙoshi da shi. Ina yarinyar?"

Tana zaune a bakin gado ƙarƙashin rumfa, an ɗaure mata hannu biyu da tsumma. Sunanta Sakinatu. Sanƙarau ne ya tafi da idonta da kunnenta ba da daɗewa da yaye ta ba.

"Kwance ta."

"Za ta ji miki ciwo, Hajja."

"Fatar ga ta ga abin da ya fi farce."

Da tsumman ya faɗi, hannuwanta suka fita suna lalubar iska. Na miƙa nawa. Ta kama, ta juya tafin sama, ta ja farce a kai, ta sake ja, ta danna babban yatsa a tsakiya. Sai ta tsaya cak, kai a karkace. Ban yi komai ba. Ta maimaita, daidai yadda ta yi da farko, amma da ƙarfi. Ta sake tsayawa. Da ta kuma yi sai jini ya tsattsafo, Mairama ta doke hannun tana salati, ta mayar da ɗaurin.

Tsayawar nan ce ta tsaya mini a rai. Na daɗe a gaban aji. Na san fuskar wanda ya yi tambaya yana jira.

"Tun yaushe ta fara?"

"Tun da Malam Almu ya tashi."

Malam Almu maƙwabcinsu ne, mai makarantar allo. Sakinatu tana ƙarama ta taɓa rarrafawa cikin makarantarsa ta taka garwashi. Daga ranar ya ɗauki wani wasa da ita a tafin hannu, don ta san wuta kafin ta kai gare ta. Wasan ya ɗore shekara da shekaru, safe da yamma tana gefensa, hannunta cikin nasa.

"Ke ba ki koya ba?"

"Ni da nike hawasha tun fitowar rana? Wasa na ɗauka. In na tura ta, ta san tafi. In na aje mata kwano, ta san ci. Mi ya rage?"

Da yarinya ta zama mace sai baki ya tashi. Namiji ba muharraminta ba, ya wuni riƙe da hannun budurwa, har tana shafa masa fuska. Dattawa suka zauna da shi. Kafin ruwan farko ya ɗaure allunansa ya koma Abu Na'ama.

Muna cikin haka baffanta Abdussalami ya shigo, ƙurar auduga har a gira.

"Hajja, an ce kin zo yi wa aljani jarrabawa."

"Na zo in ga ko ya iya karatu. Kai ne ka kori malamin?"

"Ni na kafa shari'a? Ke kin fi ni saninta."

"Na san tana da babin lalura."

"Babin lalura ba shi rufe bakin mata a bakin rijiya. Ɗiyar ƙanena ce, ni ad da alhakinta. Kin ga hannun uwarta? Kamar ta yi kokawa da kyanwa."

Na ce ya dakata da maganar faki har in je in dawo.

"Har a gama tsinka," ya ce. "Bayan nan kalas, magana ta ƙare."

A Abu Na'ama na sami Malam Almu a gindin wata bishiya da yara ƙalilan. Siriri ne, ya fara furfura, idonsa kullum a ƙasa. Na gaya masa abin da ya kawo ni, na miƙa tafina in nuna masa a nasa yadda take yi. Ya mayar da hannuwansa baya.

"A'a, Hajja."

"Malam, na haifi wanda ya girme ka."

"Ita ma ɗiya na ɗauke ta. Bai hana ba."

Sai na yi a tafin kaina yana kallo: ja, ja, danna. Yaran suka daina karatu suna leƙenmu.

"Tambaya ce," ya ce. "Cewa take, wa ke nan?"

"Amsar fa?"

"Ki naɗe mata yatsu cikin tafinki ki matse. Ma'ana, ga ni. Daga nan ita za ta lalube ki ta ba ki suna. Ba ke ce za ki zaɓa ba."

"Mutanen gidan ba wanda ya san wannan?"

"Ba wanda ya tambaya. Ni ma ban zaci zan tashi ba."

Na wuni a wurin. Ya mai da hannunsa na hagu Sakinatu, na dama shi kansa, yana nuna mini wuta, ruwa, akuya, ciwo, gobe, da sunansa shi, wanda ɗan tsunkuli ne a gindin ƙaramin yatsa. Abin da aka yi don fata da wuya ya shiga ta ido. Wasu kalmomin bambancinsu nauyin dannawa ne kawai, ni kuwa daga nesa duk iri ɗaya nake gani. Wasu ma ita ta ƙirƙira, shi sai ya ji su a tafinsa yake gane su, ba ya iya yi.

"Ka dawo mana," na ce. "Ni zan zauna a tsakaninku, a ga mai magana."

"In na dawo, ina zan sa hannuna, Hajja?"

Na miƙe na gyara tobina. Ya ce shi ma ba daɗewa zai yi a nan ba, ana ɗaukar leburorin madatsa a Damazin.

Da na koma Hillar Gado na sa aka kira Abdussalami daga hawasha. Na kwance tsumman da kaina. Ta kama, ta ja, ta ja, ta danna, ta tsaya. Na naɗe yatsunta na matse.

Ta bi hannuna har kafaɗa, ta shafa fuskata, ta sami giɓin haƙorina, ta dawo ta tsaya a kan yatsana da sanyin ƙashi ya karkatar. Ta murza shi. Na gane sunana ke nan. Daga nan yatsunta suka ɓarke da gudu a tafukana biyu, kamar ruwan da aka buɗe wa hanya. Na tsinci akuya. Na tsinci ciwo. Na tsinci tsunkulin gindin ƙaramin yatsa, yana ta dawowa. Sauran duk ya wuce ni. Ta tsaya tana jira. Abin da nake da shi kawai na ba ta: ga ni. Ta sake zubowa, ta sake tsayawa. Ga ni.

"To mi ta ce?" in ji Abdussalami.

"Tana tambayar Almu. Sauran ban sani ba."

"Ke da karatunki?"

"Ni da karatuna."

Ya daɗe yana duban hannuna, babu sabon yaƙushi. Mairama ta matso a hankali ta miƙa nata. Na nuna mata yadda ake naɗewa. Abdussalami ya saɓa buhunsa ya koma gona. Aka gama tsinka, ba a ƙetare kogi ba.

Na sake hawa lori zuwa Abu Na'ama don in ƙaro kalmomi, na tarar da gindin bishiya ba kowa. Na aika Damazin ta bakin duk mai zuwa. Leburori sun yi yawa, kuma Almu ba ɗaya ba ne. Ba a same shi ba.

Sakinatu ba ta da aljani. Tana da harshe na mutum biyu, ɗayan ya tafi. Ɗan abin da na kwaso na koya wa uwarta. Sauran tana faɗinsa a tafinmu, ba wanda ya san me take cewa.